Makamin Ƙara: Kunnen Wa Za a Fasa?

Ana ta kururuta mana cewa zamani ya kawo makamin ƙara, wanda zai kori runduna ba tare da an zubar da jini ba. Mu dai ba mu yarda ba.

Kakanninmu na Fassi da sauran ƙasar Rano da Kibiya, waɗanda suka sha harin Ningawa a ƙarni na 19, sun san aikin kuge da tambari: tara mayaƙa, ƙarfafa zuciya, razana abokin gaba. Iyakarsu ke nan. A 1903, da Kanar Morland ya fasa ƙofar Bebeji da igwa, nan kusa da mu, ya wuce ya ci Kano ran 3 ga Fabrairu, babu tambarin da ya tare harsashi.

Na'urar Amurka mai suna LRAD ma haka take, sai dai tsada. Mafi ƙarfinta takan kai wajen desibel 160 a bakinta, amma duk sa'ad da nisa ya ninka sai ƙarar ta ragu da desibel 6. Kafin kilomita guda ta koma hayaniya kawai. Sojan da ke cikin tankar yaƙi, kunnensa a toshe, ina ruwansa? Ko kiɗan da sojojin Amurka suka dame Janar Noriega da shi a Panama a 1989, ai sai da bindiga ta gama aikinta tukuna.

To, a kan wa take ci? A kan mai hannu banza. A 2009 'yan sandan Pittsburgh a Amurka suka juya ta kan masu zanga-zanga, ba kan wata runduna ba.

Wasu za su ce ai gara ƙara da harsashi, su tuna mana ɗaliban da aka harbe a Samaru a 1978 da 1986. Ba mu manta ba. Amma harsashi yakan bar gawa a ƙirga, a kafa kwamitin bincike. Ƙara kuwa ba ta zaɓe: ɗalibi, mai tallar goro, jaririn da ke goye, duk ɗaya. Wanda ta kurmantar zai koma gida ba tabo ba jini, kuma jijiyar ji in ta mutu ba ta dawowa. Wace kotu zai nuna wa rauninsa?

Ku 'yan'uwanmu da ke ma'aikatun gwamnati, in takardar sayen wannan na'ura ta biyo ta teburinku da sunan “tsaron ƙasa”, ku tambaya a rubuce: wane fagen fama za a kai ta?