Dukiyar Da Ake Sharewa Kowace Safiya

Duk wanda ya yi sammako ya bi ta kasuwar Agege a Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Kurmi ta Kano, zai tarar da masu shara suna ta tattara abin da cinikin jiya ya bari, watau murfin kwalabe, da gwangwanayen madara, da kwalayen ashana, da tsofaffin kalanda, da takardun talla da iska ta yago daga jikin bango. Kafin hantsi an kwashe su an kai juji, ko kuwa an cinna musu wuta. Ba wanda zai ce a bar gari cikin ƙazanta, gama tsabta wajibi ce. Amma fa a cikin wannan tarkace akwai abin da ya kamata masu zane da masassaƙa da marubuta, da malaman da ke koyar da su, su tsaya su duba da kyau tun tsintsiya ba ta wuce ba. Dalili kuwa shi ne, da dama daga cikin gwanayen fasaha da suka ɗaukaka sunan ƙasar nan a duniya, daga irin waɗannan abubuwa da ake rainawa suka samo basirarsu.

Babban misali shi ne El Anatsui, mutumin ƙasar Gana da aka haifa a garin Anyako cikin 1944, wanda ya zo Jami'ar Nijeriya ta Nsukka cikin 1975 don koyar da sassaƙa, ya kuma shafe shekaru fiye da 30 yana wannan aiki. Tun yana Gana ya fara da farantan katako irin waɗanda mata ke jera kayan sayarwa a kai a kasuwa, yana zana musu alamomin gargajiyar ƙasarsu da ƙarfe mai zafi. Da ya zo Nsukka sai ya koma kan yumɓu, ya yi jerin ayyuka masu siffar fasassun tukwane. Daga bisani ya yi aiki da murfin gwangwanin madara, da tsofaffin ƙarafa masu huji da ake goga rogo a kansu wajen yin gari, har da farantan ɗab'i da maɗaba'u suka yar bayan sun buga sanarwar mutuwa. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ne ya tsinci buhun murfin kwalaben barasa da aka jefar, ya ajiye shi a ɗakin aikinsa wata da watanni kafin ya gane abin da zai yi da shi.

Abin da ya yi kuwa shi ne, a baje murfin, a yanka, a huda, a ɗinke dubbai da dubbai da wayar jan ƙarfe, har su zama kamar wani ƙaton mayafi mai ƙyalli da ake ratayawa, yana lanƙwasa tamkar tufa. Cikin 2007 aka lulluɓe fuskar wani tsohon gidan sarauta da irin wannan aiki a birnin Benis na ƙasar Italiya, lokacin babban bikin nuna kayan fasaha na duniya. Cikin 2015 masu shirya wannan biki suka ba shi lambar Zakin Zinariya saboda aikin da ya yi tsawon rayuwarsa, cikin 2023 kuma aka cika babban zauren gidan fasaha na Tate Modern da ke Landan da aikinsa. Akwai ayyukansa da aka yi gwanjonsu a kan kuɗi fiye da dala miliyan ɗaya. Shi da bakinsa ya sha bayyana cewa barasa tana cikin hajar da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi, saboda haka ɗan murfin nan da ake takawa da ƙafa yana ɗauke da tarihi mai nauyi. Hausawa dai sun ce raina kama ka ga gayya.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan sa'a ce ta mutum ɗaya. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, tulun ruwa na matan Gwari ta gada, tana yi masa zanen ƙadangare da kunama da kada da kifi, watau halittun da ta saba gani a ƙauyensu. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne Bature Michael Cardew ya fara ganin tulunanta, cikin 1954 kuma ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda ita ce Suleja a yau. Ta koyi gashi da wuta mai ƙarfi da shafen ƙyalli irin na Turawa, amma ba ta saki ƙadangarenta ba, shi ne ma ya kai ta Ingila da Amurka, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977. Haka nan mai ɗaukar hoto J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda tun daga 1968 ya duƙufa wajen ɗaukar hoton kitson matan Nijeriya a titi da ofis da gidan biki, har ya tara hotuna wajen 1,000. Kowa yana ganin kitso kullum, amma shi ne ya lura cewa salo yana zuwa yana wucewa, in ba a kama shi ba ya tafi ke nan.

A Arewa ma wannan hali ba baƙo ba ne. Sa'ad da keke da mota da agogo suka shigo ƙasar Hausa, maginan Zariya da Kano ba su tsaya jiran izinin kowa ba, suka ɗauke su suka manna da laka a fuskar zaure, kafaɗa da kafaɗa da dagi. Maɗinkan babbar riga kuwa daga aska suka samo sunan aikinsu mafi shahara, ana cewa aska biyu, ana cewa aska takwas. Ashe ke nan lokacin da ɗaliban Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu cikin 1958 suna neman a haɗa dabarun da malamansu Turawa ke koyarwa da zanen gida, abin da magini da maɗinki suka daɗe suna yi ne suka kai shi aji.

To, tulu da bango sukan jima, amma akwai wani sashe na wannan dukiya da ya fi kowanne saurin salwanta, shi ne takardun da ake bugawa don amfanin yini ɗaya ko shekara ɗaya. Kalandar bara, da katin gayyatar biki, da takardar tallan sinima, da tambarin da ke jikin kwalin sabulu, da kan sarki na tsohon ambulan, duk cikinsu akwai darasi ga mai ido. Daga nan ne ake ganin yadda mai ɗab'i da ba shi da tawada sai kala biyu yake dabara ya ja hankalin mai wucewa, da irin haruffan da jama'a suka fi so a wani zamani, da irin maganar da ke ci a bakin mutane. 'Yan siyasa sun san wannan sarai. Jam'iyyar NPC fartanya ta ɗauka, NCNC ta ɗauki zakara, AG ta ɗauki bishiyar kwakwa, NEPU ta ɗauki tauraro. A zaɓen 1979 kuma NPN ta zo da gida da masara, PRP ta zo da mabuɗi. Duk kayan gida ne da na gona da talaka ya sani, shi ya sa suka zauna a zuciya. Amma gidaje nawa ne a yau za a shiga a sami ko takarda ɗaya ta wancan zaɓe an adana?

Labarin ƙananan littattafan kasuwar Anaca ya isa ishara. Tun daga ƙarshen shekarun 1940 har zuwa yaƙin basasa da ya ɓarke cikin 1967, masu ɗab'in wannan gari sun yi ta fitar da 'yan littattafai masu araha na soyayya da nasiha da koyon rubuta wasiƙa. Masu ilmin boko na lokacin suna yi musu kallon shirme, yaƙi kuma ya zo ya ci kasuwar. Sai daga baya masana irin su Emmanuel Obiechina suka nuna darajarsu, a yau kuwa Jami'ar Kansas ta Amurka tana cikin wuraren da suka tattara su suka adana. Haka abin ya so ya kasance da littattafan Hausa na kasuwar Kano da suka bunƙasa tun daga shekarun 1980, waɗanda Farfesa Graham Furniss ya tara masu yawa daga cikinsu a Jami'ar Landan. Ba laifin baƙo ba ne don ya tsinci abin da mai gida ya yar. Abin kunya shi ne a wayi gari ɗan Nijeriya sai ya nemi biza kafin ya ga bangon littafin da aka buga a unguwarsu.

Saura maganar tafiya, wadda ita ce ke wasa ido har ya iya ganin waɗannan abubuwa. Mutum ba ya ganin abin da ya tashi a cikinsa, sai ya fita ya ga na wasu sa'an nan ya juyo ya gane nasa. El Anatsui sai da ya ƙetaro zuwa Nsukka ya haɗu da zanen uli na matan Ibo da sauran alamomin gargajiyar gabashin Nijeriya, suka shiga aikinsa. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila cikin 1943 tare da ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano shi ma tafiyarsa ce ta haifi Motsi Ya Fi Zama. Ba kuma dole sai an hau jirgin sama ba. Hanyar Ikko zuwa Kano kaɗai makaranta ce, ga zaki da gaggafa a bayan manyan motoci, ga karin magana an rubuta a goshinsu, ga allunan masu aski da masu gyaran agogo, ga yadda siffar tukunya da ɗaurin kallabi ke sakewa daga gari zuwa gari. Tun 1973 gwamnati ke tura matasan da suka gama jami'a bautar ƙasa a jihohin da ba nasu ba. Wanda ya yi shekara guda a Kalaba ko Argungu ya komo bai zana komai ba, bai rubuta komai ba, bai ajiye ko takarda ɗaya ba, lalle ya yi asarar da ba a biyan diyyarta.

Wasu za su ce tsince-tsince a juji aikin mahaukaci ne ko na 'yan jari-bola, kuma ba kowane gwangwani ne zai zama abin kallo ba. Rabin maganar gaskiya ce. Tara tarkace kawai ba fasaha ba ce, sai an haɗa da tunani da haƙuri da gumi, shi ya sa ɗakin aikin El Anatsui a Nsukka ya ɗauki samari da yawa suna yini suna huda da ɗinki. Akwai kuma wani kuskuren da ya fi wannan, shi ne matashi ya ji an sayi aikin murfin kwalba da tsada, shi ma ya ruga ya hau ɗinkin murfin kwalba. Wanda ya yi haka ya kwaikwayi hannu ya bar ido. Darasin shi ne kowa ya dubi abin da ke ƙofar gidansa, ɗan Kano ya dubi marina da ƙyallen Kantin Kwari, ɗan Bida ya dubi tagulla da ƙwalaben da ake narkewa a yi tsakiya, ɗan Ikko ya dubi launin motocin haya. Wanda addininsa bai yarda masa zanen mai rai ko taɓa kayan barasa ba, ba a rufe masa ƙofa ba, domin zayyana da launi da saƙa fage ne mai faɗi, kakanninsa ma a ciki suka yi fice.

Saboda haka akwai aiki a gaban hukuma da jama'a baki ɗaya. Malaman zane a firamare da sakandare su daina sa yara kwafar hoton tuffa da dusar ƙanƙara daga littafin waje, su fita da su kasuwa da tasha, su sa kowane yaro ya riƙe ɗan littafin da zai riƙa zane da manna takardun da ya tsinta, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dokar 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kofe 3 Ɗakin Karatu na Ƙasa, to ya kamata wannan ma'aikata, da Ma'adanar Takardun Tarihi da ke Badun da Inugu da Kaduna, da Gidan Arewa, su keɓe sashe na musamman don kalanda da takardun talla da na zaɓe, su riƙa aika ma'aikata suna karɓowa. Masu ɗab'i na Shomolu da Anaca da Kano su riƙa cire kofe ɗaya na kowane aiki suna sawa a akwati, wannan ba zai ci musu ko sisi ba. Magidanta kuma kafin su ba mai ƙosai tsofaffin takardun gida ta naɗe kaya, su zauna su tace. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an sami wanda ya adana ta. Allah ya sa masu iko su ji, su kuma yi aiki da abin da suka ji.