Rabon Arzikin Ƙasa: Darasin Kanada da Bashin da Dakoro ke Bi

Ranar 20 ga watan Maris na 1970 wakilan ƙasashe 21 suka sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar da ta kafa hukumar ACCT, wadda daga baya ta zama ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ƴan makaranta da yawa sun haddace wannan rana. Abin da ba a cika koya musu ba shi ne, rigimar cikin gidan Kanada ce ta fi ba taron wahala. Gwamnatin tarayya da ke Otawa ta kafe cewa ita kaɗai ke da bakin magana da sunan ƙasa a waje. Lardin Kebek kuwa, da Faransa a bayansa, ya ce ilimi da al'adu hurumin lardi ne, don haka sai ya sami kujerarsa. Shugaba Diori Hamani, mai masaukin baƙi, ya tsinci kansa tsakanin aminai biyu, har aka daidaita a kan cewa lardi yana iya shiga hukumar da yardar gwamnatin ƙasarsa.

Ke nan tun fiye da shekaru hamsin mahukuntan Nijar suka ga ƙasar da lardi ke ja da fadar mulki ido da ido, ƙasar kuma ba ta rushe ba. Sun karɓi taimakon Kanada, har da hanyar da ta bi ta Gure zuwa Gigimi, amma wannan darasi sun bar shi a zauren taro. Har yau duk wanda ya tambayi yadda ake raba kuɗin yuraniyom da man fetur tsakanin Yamai da sauran ƙasa, sai a dube shi kamar mai neman raba kan jama'a.

A Kanada arzikin ƙarƙashin ƙasa na larduna ne. Albata da Saskacawan, waɗanda aka kafa a 1905, ba su sami wannan haƙƙi ba sai a 1930, bayan shekaru 25 na jayayya. Da aka tono mai a Leduc a 1947, Albata ta kama hanyar zama attajira cikin larduna. A 1980 firaminista Pierre Trudeau ya fito da shirin makamashi na ƙasa, wanda ya danne farashin mai ya kuma ƙara wa tarayya kaso. Shugaban gwamnatin Albata, Peter Lougheed, ya mayar da martani da rage yawan man da lardinsa ke fitarwa, har sai da Otawa ta zauna aka yi ciniki. A 1982 aka ƙara wa tsarin mulki sashe na 92A, wanda ya ƙarfafa ikon larduna a kan ma'adinai da dazuzzuka da wutar lantarki.

To amma tsarin mulkin nan na 1982 bai tsaya nan ba. Sashe na 36 ya ɗora wa tarayya nauyin cike wa larduna marasa ƙarfi giɓi, domin ɗan ƙasa, ko ina aka haife shi, ya sami makaranta da asibiti kwatankwacin na sauran, ba tare da an tsawwala masa haraji ba. Tun 1957 ake biyan wannan kuɗin daidaito daga baitulmalin tarayya, bisa lissafin da aka rubuta a doka, wanda kowa ke iya karantawa. Ƙafa biyu ce tsarin ke tsaye a kai: mai rijiya ya ci moriyar rijiyarsa, wanda ba shi da ita kada a bar shi da ƙishirwa.

Ba a ce Kanada aljanna ba ce. Albata ta kafa asusun ajiya a 1976, tana zuba masa kashi 30 cikin ɗari na kuɗin mai. Ta rage zuwa 15 a 1983, ta daina zubi a 1987, alhali Nowe, wadda ta kafa nata a 1990, ta haura dala tiriliyan ɗaya a 2017. Al'ummomin asali, waɗanda ake haƙa a ƙasar kakanninsu, sun daɗe suna shari'a kafin a fara sauraronsu. A 2021 kusan kashi 62 cikin ɗari na masu zaɓe a Albata sun nemi a soke ƙa'idar daidaito daga tsarin mulki. Sai dai ko wannan rikici da alƙaluma ake yin sa. Manomin Albata ya san abin da yake ƙorafi a kai, domin an buga adadin ya gani.

Nijar ma ba ta rasa dokoki masu daɗin ji ba. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da hukuma ke samu daga haƙar ma'adinai domin ƙananan hukumomin jihar da ake haƙar, kuma dokar man fetur ta bi sahu. A 2008 aka kafa hukumar ANFICT, aka danƙa mata asusun tallafa wa ƙananan hukumomi da asusun daidaito. Tsarin mulkin 2010 ya ce arzikin ƙasa mallakar al'ummar Nijar ne, ya wajabta a buga yarjejeniyoyin haƙa a jaridar gwamnati, ya umurci a raba kuɗin tsakanin baitulmali da hukumomin yankuna, ya kuma ambaci asusun ƴan baya. A takarda, sai a ce madalla.

A aikace kuwa aibi biyu ne. Na farko, kashi 15 ɗin bai zama abin dogaro ba. Shekara da shekaru magadan gari na jihar Agadas da ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB suka yi ta kokawa cewa kuɗin na zuwa a makare, ko ya zo a gutsure, ko a mayar da shi bashin da ba a san ranar biyansa ba. Arlit, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971, ta ga an rufe mahaƙar Cominak a 2021, aka bar ta da tsibin dusar ma'adinai da ma'aikatan da suka rasa aiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aibi na biyu shi ne wanda ba a cika faɗa ba, kuma shi ya shafi Dakoro. Ko da an biya kashi 15 ɗin cif-cif a kan kari, ko dala ba za ta iso Kornaka ko Birnin Lalle ba, domin gundumar ba ta da mahaƙa, ba ta da rijiyar mai. Tana da gero da wake, tana da kwarin Tarka, tana da garken Fulani da Buzaye da Hausawa. Rabonta yana cikin kashi 85 ɗin da ya shiga baitulmali, kuma babu wata ƙa'ida sananniya da ta ce ga abin da zai fito daga can ya zama ajin karatu ko rijiyar burtsatse a karkarar Dakoro. Abin da ya zo, alheri ne na mai mulki. Abin da bai zo ba, babu wanda za a kama.

Masu cewa wanda bai zuba ba kada ya ɗiba, su waiwayi tarihi. Kafin yuraniyom, gyaɗa ce ta riƙe Nijar. A shekarun 1960 ita ce kan gaba cikin abin da ƙasa ke sayarwa waje, kuma manoman Maraɗi da Damagaram ne suka noma ta, kamfanin Sonara na gwamnati, wanda aka kafa a 1962, ya saye a farashin da hukuma ta yanka. Jangali da kuɗin kai kuma daga hannun makiyayi da manomi suka fito. Da wannan gumi aka biya albashi aka gina ofisoshin Yamai, babu wanda ya ce a mayar wa Maraɗi kashi 15. A ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin yuraniyom ya ƙaru, gwamnatin Seyni Kunce ta sauke wa talaka kuɗin kai, abin da ya nuna cewa arzikin Ayar yana iya isa bukkar manomi idan an ga dama. Matsalar ita ce ganin damar. Haƙƙin da ya rataya a kan halin mutum ɗaya, da shi yake tafiya.

Shekarar 2005 ta isa shaida. A farkonta aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi, har jama'a suka rufe kasuwanni. A tsakiyarta likitocin MSF suna karɓar yaran da yunwa ta kwantar a cibiyarsu ta Dakoro, a daidai lokacin da farashin yuraniyom ke hawa a kasuwar duniya. Mutumin da ke biyan haraji a kan sukari da sabulu da kowane kan tunkiya a kasuwa ba almajirin baitulmali ba ne, mai hannun jari ne.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 an ɗauki matakan da suka faranta ran mutane da yawa. A 2024 aka karɓe lasisin Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa, da na Madawela daga GoviEx na Kanada. A 2025 aka mayar da Somaïr hannun gwamnati. A watan Mayu na 2024 jirgin farko ya ɗauki man Agadem daga gaɓar Benin, ta bututun da ya kusa kilomita 2,000, wanda ya ratsa jihar Maraɗi. Ƙwato haƙƙi daga baƙo abu ne mai kyau. Amma tsarin mulkin da ya yi alkawarin rabo an jingine shi tun 2023, kuma a watan Afrilu na 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa kantomomi. A wannan wata ne kuma aka karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin CNPC na Sin, a kan man da ba a sayar ba tukuna. Wanda aka naɗa daga sama, da wane baki zai tambayi wanda ya naɗa shi lissafi? Sauya sunan mai tukunya bai ƙara wa na ƙarshen layi tuwo ba.

Za a ce Nijar ba tarayya ba ce, kuma irin wannan magana tana buɗe ƙofar ɓaraka. Tarihi ya nuna akasin haka. Tawayen farkon shekarun 1990 da na 2007 duka sun ɗauki rabon arziki a matsayin hujja, kuma yarjejeniyar 24 ga Afrilu na 1995 da alkawarin sakar wa yankuna mara aka kashe wutar farko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gani ga Najeriya kuma ya isa: kashi 13 da tsarin mulkin 1999 ya ba jihohi masu mai bai hana fitina a yankin Neja Delta ba, domin kuɗin da ba a bin sawunsa, ko nawa ne, a hanya yake narkewa. Ba sai an zama tarayya ake rubuta ƙa'ida ba, ba kuma sai an zama tarayya ake buga lissafi ba.

Abin da ake bukata a fili yake. A biya jihohi masu ma'adinai kasonsu a ranar da doka ta yanka. A ware wa asusun daidaito wani kaso tsayayye na kuɗin mai da yuraniyom, a raba shi bisa yawan jama'a da faɗin ƙasa da ƙarancin makarantu da ruwan sha. A liƙa adadin a ƙofar ofishin kowace ƙaramar hukuma, a karanta shi da Hausa da Fulatanci da Tamashek a gidajen rediyon karkara. A buga yarjejeniyoyi, ko da Faransa aka ƙulla su, ko da Sin, ko da Kanada, ko da Rasha. A kafa asusun ƴan baya da dokar da za ta hana a yi masa abin da Albata ta yi wa nata. A mayar wa jama'a zaɓen waɗanda za su riƙe musu kuɗin.

Mai da yuraniyom ƙarewa suke yi. Cominak ta yi shekaru 43 ta rufe. Ranar da rijiyoyin Agadem suka ƙafe, gero da dabbobin Dakoro ne za a sake komawa gare su, kamar yadda aka dogara da su kafin 1971. Hankali ya ce a gyara su tun kuɗin na hannu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.