Awazar rago ta fi ƙarfin kaskon suya

Duk wanda ya leƙa kicin ɗin amare a Bosso ko Tunga cikin Minna zai tarar da abu guda: kukar gas mai kai huɗu da iyaye suka saya cikin kayan ɗaki, samanta na aiki safe da dare, oben ɗin da ke ƙasa kuwa ya koma ma'ajiyar tukwane da murafai. Sai a haifi 'ya'ya biyu ba a kunna shi ba. Ranar layya kuma a sassare awazar rago, a tafasa, a antaya cikin mai har ta bushe ƙayau.

Wannan ɓarna ce. Suya tana da dalilinta, don tana sa nama ya ajiyu a gidan da ba firij, amma cinya da kafaɗa sun isa wannan aiki. Awaza halinta daban. Tsokarta kaɗan ce, jijiya da kitse suka fi yawa, jijiya kuwa ba ta laushi da wuta mai ƙarfi. Sai ta daɗe cikin zafi matsakaici take narkewa, naman ya saki ƙashi da kansa. Mai balangu ya san haka, shi ya sa garwashi yake jira, ba harshen wuta ba, kuma ba ya barin mai saye ya gaggauta shi.

Bidiyoyin gashin haƙarƙari da suka cika YouTube galibi na alade ne, cimar Memphis da Kansas City a Amurka, don haka uwargida musulma takan wuce ba ta tsaya ba. Amma a jihar Texas, ƙasar makiyaya, naman shanu suke gasawa, kuma dabarar ɗaya ce.

Aikin daga wurin mahauci yake farawa. In an je Kasuwar Kure a ce masa kada ya sassara, a shimfiɗe ake so. Zai yi mamaki, don hannunsa ya saba da sara. A gida a ɓare yanar nan da ke manne da ƙashi ta ciki, a murza gishiri da citta da tafarnuwa da masoro da ɗan kanumfari, a bar su su shiga jiki na awa biyu. A naɗe da foyil sosai, a sa oben a digiri 150, wato lamba 2 ga mai kukar da ke da lambobi. Ta rago awa biyu da rabi ta ishe ta, ta sa tana iya kai huɗu. Sannan a buɗe, a ɗaga wuta zuwa 220 na minti goma ta yi ja. Yajin ƙuli sai a ƙarshe. Ko ƙulin Bida ne da ake yabo, in ya daɗe a wuta ƙonewa yake yi, ya bar ɗaci.

Masu musu za su kawo maganar wutar lantarki, kuma suna da gaskiya. Jihar Neja ce ke da madatsar Kainji da aka kammala a 1968, da Shiroro mai megawat 600 tun 1990, ga ta Zungeru ta biyo baya, amma ba magidancin Minna da zai danƙa wa oben mai lantarki amanar awa uku. Na gas ne abin dogaro. Gas ɗin ma da tsada, sai dai mai lissafin tsadar ya tuna da kuɗin man gyaɗan da suyar take sha.

Abin da oben ba zai taɓa bayarwa ba shi ne ƙamshin hayaƙi, a nan kam mai tukuba ya yi gaba. Mai son wannan ƙamshi sai ya hura gawayi a kurfoti lokacin da naman ya kusa nuna, ya ciro awazar daga foyil, ya ɗora a waya minti biyar kowane gefe, ya barbaɗa yajin tana kan wuta.