Ba Sai An Karya Dokar Gida Ake Zama Gwanin Girki Ba

Akwai wani labari da masu shirya fina-finai suka riƙe gam, daga Amurka har Indiya, suka ƙi saki. Yaro ne ko yarinya, Allah ya ba shi hannun girki. Gidansu gidan addini ne, ga uba mai ɗaure fuska, ga uwa mai share hawaye a ɗaki, ga kuma wani abu da aka hana ci. Sai fim ya yi ta jan mu har ranar da za a kai lomar nan baki. A sa kiɗa mai taushi, a matso da kyamara, idanu su lumshe. Daga nan ƙofofi sai buɗewa: babban otal, gasa, kofi, uba ya zo a ƙarshe yana neman gafara da ido. Masu sharhi su tashi da tafi, su ce an yi jarumta, an 'yanta baiwa daga ƙangin al'ada. Ni ban ga jarumta a nan ba. Lalaci na gani, da ƙarya guda ɗaya da ake ta maimaitawa, wai addini da gwaninta ba sa zama tukunya ɗaya.

Mu ɗauki Annapoorani, fim ɗin yaren Tamil da Nilesh Krishnaa ya ba da umarni, wanda ya fito a Disamba 2023, Nayanthara ce jaruma. Yarinyar, Annapoorani, 'yar gidan Birahmin ce a garin Srirangam, mutanen da ba sa cin nama, kuma mahaifinta shi ke dafa abincin da ake miƙawa a babban wurin bautar garin. Burinta ta zama babbar kukun Indiya. Ta shiga makarantar koyon aikin otal a ɓoye, aka ajiye mata nama a gaba, ta kasa. Sai abokin karatunta Musulmi, Farhan, ya lallashe ta da cewa ai Rama, abin bautarsu, ma ya ci nama. Ta ci, ta tsere ranar aurenta, ta nufi Chennai. A zagayen ƙarshe na gasa kuwa, bayan hatsari ya ɗauke mata ɗanɗano, sai ta lulluɓa mayafi ta yi salla kafin ta ɗora biriyani, domin haka mahaifiyar Farhan take yi.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Fim ɗin ya hau Netflix a ƙarshen Disamba, ƙungiyoyin Hindu masu zafin ra'ayi suka kai ƙara wurin 'yan sanda, kamfanin Zee Studios ya rubuta wa ƙungiyar Vishwa Hindu Parishad takardar ban haƙuri, aka sauke fim ɗin a Janairu 2024, jarumar ma ta fito ta nemi afuwa. Wannan zalunci ne, ba na kuma ɓoye ra'ayina a kai. Hukumar tace fina-finan ƙasar ta riga ta amince da shi, an nuna shi a silima, kuma cikin abubuwan da suka ƙona ran masu ƙarar har da ganin 'yar Birahmin kusa da saurayi Musulmi. Ba imani suke karewa ba, ƙiyayya suke kiwo. Amma zaluntar fim ba ta mayar da shi mai gaskiya. Da aka sauke shi sai kowa ya ji nauyin faɗin cewa labarin kansa gurgu ne, aka bar shi ya zama tuta.

Ga inda ya gurgunce. Dokoki biyu ne a gaban yarinyar nan. Ɗaya ta mahaifinta, kada ki ci nama. Ɗaya ta makaranta, kuku na gaske sai ya ɗanɗana komai. Fim ɗin ya tsare ta farko da tambayoyi, ya kawo hujja daga littafi, ya sa ta kuka, ya sa ta gardama. Ta biyun kuwa ko sau ɗaya bai tambaye ta daga ina ta fito ba. Ya karɓe ta kamar faɗuwar rana. Alhali ita ma mutane ne suka kafa ta, a wani wuri, a wani zamani. Tsarin kicin ɗin manyan otal na yau, mai shugaba da mataimaka hawa-hawa irin na soja, Auguste Escoffier ne ya daidaita shi a otal ɗin Savoy na Landan a ƙarshen ƙarni na 19. Taurarin Michelin da jaruman waɗannan fina-finai ke mafarki kuwa, kamfanin tayar mota ne na Faransa ya fara buga littafinsu a 1900 don direbobi su yawaita tafiya, ya soma raba tauraro a 1926. Wannan ma al'ada ce, tana da shehunanta, tana da haram da halak ɗinta, tana kuma korar wanda ya saɓa. Yarinyar ba 'yanci ta samu ba. Uban gida ta canza, kuma sabon ya fi tsohon rashin sassauci, domin tsohon aƙalla yana ƙaunarta.

Dokar ɗanɗana komai ɗin ma ba gaskiya ba ce, ko a gidan da aka haife ta. Alain Passard, mai gidan abincin L'Arpège a Paris, yana riƙe da taurari uku lokacin da ya cire jan nama daga abincinsa a 2001, ya koma kan ganye da saiwa, kuma taurarinsa ba su ragu ba. Daniel Humm ya yi irin haka a Eleven Madison Park na New York a 2021, shi ma aka bar masa ukunsa. Aka kira su masu hangen nesa. To me ya sa idan Bature ya bar nama hikima ce, idan 'yar Srirangam ta ƙi shi sai ya zama ƙangi? Jeong Kwan, 'yar zuhudun addinin Buddha a Koriya ta Kudu, ba ta taɓa nama, ba ta sa albasa ko tafarnuwa, ba ta ma da gidan sayar da abinci. Eric Ripert, ɗaya daga cikin manyan kukun New York, shi ya gayyato ta ta yi wa baƙinsa girki, kuma a 2017 shirin Chef's Table ya keɓe mata kashi guda. Dokar addininta ita ce makarantarta.

Ba sai an je Koriya ba. A kudancin Indiyar da aka yi fim ɗin, girkin Udupi ya taso ne daga madafar wurin bautar Krishna da Madhvacharya ya kafa a ƙarni na 13. Masu dafa abincin ibada, waɗanda aka hana nama da albasa da tafarnuwa, su suka fito suka buɗe gidajen abinci a Madras da Bombay da Bangalore, har sunan garinsu ya zama alamar abinci mai tsabta da araha a duk ƙasar. Mahaifin Annapoorani irin waɗannan mutane ne. Gwani ne, magajin gwanaye, amma fim ɗin ya mai da shi katanga kawai da za a tsallake. Tun 2016 kuma wasu kwalejojin gwamnatin Indiya na koyon aikin otal, ciki har da na Jaipur da Bhopal, suka buɗe wa ɗalibai zaɓin kammala karatu ba tare da girka nama ba. Wato shekaru bakwai kafin fim ɗin, hukuma ta riga ta amsa cewa ba dole ba ne. Wanda ya rubuta labarin yana buƙatar dolen, domin in babu ita babu lomar da kiɗa zai raka.

Sallar da aka sa jarumar ta yi ita ta fi damuna, kuma na yi mamakin masu ganin karramawa ce aka yi wa Musulmi. An ɗauke ta daga addininta da sunan cewa girki ba ruwansa da addini, sannan aka ari ibadar wasu aka barbaɗa a kan biriyani kamar yaji. Wanda ya san abin da ake nufi da tsayuwa gaban Ubangiji ba zai ji daɗin ganin an mai da ita sirrin girki ba. An raina addinai biyu a fim ɗaya, aka sa masa suna haɗin kai.

Turawa ma haka suke yi wa nasu. Chocolat na Lasse Hallström, a 2000, ya kawo Juliette Binoche wani ƙauyen Faransa ta buɗe shagon cakulan ana tsakiyar azumin Kirista na kafin Ista. Duk mai azumi a fim ɗin ko munafuki ne ko matsoraci, kuma magajin garin da ya fi kowa tsanani an ƙare da shi kwance a tagar shago ya cika ciki da cakulan. Ba a bar mana mutum ɗaya da ke kame baki don yana so, yana kuma jin daɗin ransa ba. Mu da muke ganin yadda watan Ramadan ke fito da gwanintar mata a kan kunu da ƙosai da alale da miya iri-iri mun san azumi ba maƙiyin girki ba ne. Hallström ɗin ya dawo a 2014 da The Hundred-Foot Journey, inda ya bi wata hanyar. A littafin Richard Morais da aka gina fim ɗin a kansa, sunan yaron Hassan Haji, a fim ya koma Hassan Kadam, addininsa ya yi shiru. Musulmi ya shiga girkin Faransa mai yawan giya da naman alade, ya haye har Paris, ba a tsaya an nuna mana yadda ya yi da wannan ba. Wancan fim ya ce a karya doka, wannan ya ce a yi kamar babu ita.

Batun iyaye kuwa, a nan ne aka fi yi wa gaskiya rauni. Yawancin uban da ke hana ɗansa zama kuku ba aya yake karewa ba, suna yake karewa. Ustad Hotel, fim ɗin yaren Malayalam na 2012 wanda Anjali Menon ta rubuta, Anwar Rasheed ya ba da umarni, ya gane haka. An tura jarumin, Faizi, Siwizalan ya karanto sarrafa otal, ya koyo girki a ɓoye. Da magana ta fito, neman aurensa ya watse, uban ya ƙwace masa fasfo. Dalilin uban ba Musulunci ba ne. Shi ɗan mai dafa biriyani ne a bakin tekun Kozhikode, ya yi kuɗi, ba ya son a tuna masa. Wanda ya fi kowa tsoron Allah a labarin shi ne kakan, Karim, kuma shi ne ya karɓi yaron, ya fara sa shi shara da wanke-wanke da ɗaukar buhun shinkafa, daga baya ya tura shi Madurai wurin wani mai ciyar da marasa galihu. Imanin tsohon ne ya faɗaɗa burin jikan, ya fitar da shi daga son a yaba masa zuwa son a ƙoshi.

Bahaushe ya san wannan ciwo sarai. Babu malamin da ya haramta wa namiji girki, amma saurayin da ya ce tuwo da miya zai riƙa sayarwa ya san sunan da za a laƙaba masa a unguwa. Tsire da kilishi da balangu sun kai sunanmu Legas da Akara da Yawunde, har Sudan inda ake cin agashe, duk da haka akwai gidajen da har gobe ke jan ƙafa idan ɗan mahauta ya zo neman aure. Wannan girman kai ne na asali, addini ma yaƙarsa yake yi. Fim ɗin da ya ɗora laifin a kan addini ya wanke mai laifin gaske.

Ba ina cewa ba a cutar da kowa da sunan ibada a madafa ba. The Great Indian Kitchen na Jeo Baby, a 2021, ya nuna amarya tana niƙa da wanki da kwashe ƙazantar teburin maza tun asuba har dare, sannan a killace ta a ɗaki idan tana al'ada domin mijin na shirin ziyarar wurin bautar Sabarimala. Fim ne mai zafi, kuma na yarda da zafinsa, domin bai ce matsalar ita ce abin da aka hana ta ci ba. Ya nuna wa ke aiki, wa ke zaune, wa kuma ke fakewa da tsarki don kada ya ɗaga hannu. Matar ba kofi take nema ba, hutu take nema da mutunci. Irin wannan suka tana buƙatar a zauna a kalli gida da kyau. Lomar haram ba ta buƙatar komai sai kiɗa.

Wanda ke ganin labari ba zai yi armashi ba sai an kayar da ɓangare ɗaya, ya kalli Babette's Feast na Gabriel Axel, fim ɗin Denmak na 1987 da ya ci kyautar Oscar. Babbar kukun Paris ta yi gudun hijira zuwa wani ƙauyen masu tsananin ibada, ta yi shekaru tana dafa musu busasshen kifi da miyar burodi ba tare da ta raina su ba. Da ta ci faran 10,000 a caca, ta kashe shi kaf a kan liyafa ɗaya ta mutum 12. Tsofaffin ƙauyen suka yi alkawarin ba za su ce uffan game da abincin ba don tsoron fitina. Suka ci, tsofaffin gaba suka narke, suka yafi juna, suka fita suna waƙar yabon Ubangijinsu. Babu wanda ya bar addininsa, ita ma ba ta rage gwanintarta ba. Fafaroma Francis ya ambaci fim ɗin a wata wasiƙarsa ta 2016 kan iyali.

Mu masu kallon fim ɗin Indiya ne tun shekarun 1950, yau kuma ana fassara mana su da Hausa har cikin waya. Da sauƙi Musulmi ya ga 'yar Birahmin ta ci kaza ya ji daɗi, tunda kaza halak ce a wurinsa. Sai dai hujjar da aka ba ta ita ce za a ba 'yarsa ranar da ta shiga makarantar girki a Turai aka miƙo mata cokalin miyar da aka haɗa da giya, aka ce kuku ba ya zaɓe. Faɗan da ya cancanci kyamara shi ne na ɗalibar da ta ajiye cokalin, ta ce a gwada ta a kan abin da za ta iya ci, ta rasa maki, wataƙila ta rasa aikin farko, ta koma gida ta tarar da uban da shi ma bai yarda da sana'ar ba, sannan ta ci gaba da girki tsakanin su biyun ba tare da ta miƙa wuya ga ko ɗaya ba.