Kada mu riƙa guje wa na'urar numfashi

'Yan uwa mazauna Nasarawa Gwom, akwai ɗabi'ar da ya kamata mu yi wa kanmu faɗa a kai. Da zarar likita ya ce za a sa mara lafiya a na'urar taimaka wa numfashi, sai a hau salati, a ce shi ke nan, wasu ma su sa hannu a takarda su kwashe shi zuwa gida. Rai na Allah ne, amma wannan gaggawar tana hana mutum damar da yake da ita.

Na'urar yau ba hura iska kawai take yi ba. Idan mutum ya kasa numfashi gaba ɗaya, ita ke ɗaukar aikin duka ta bututun da aka zura a maƙogwaro. Idan yana da sauran ƙarfi, akan saita ta yadda za ta jira ya fara jan iska da kansa, sannan ta tallafa masa, ana rage tallafin kaɗan-kaɗan har a cire shi. Akwai kuma salon da ba a zura komai, abin rufe hanci da baki kawai ake ɗaurawa, likitoci na kiransa CPAP ko BiPAP. Wannan yakan yi wa wasu masu ciwon zuciya ko daɗaɗɗen ciwon huhu amfani, har da jarirai bakwaini. Sai dai yana buƙatar mara lafiya ya iso da sauran hayyacinsa, mu kuwa sai jiki ya yi tsanani muke neman mota.

Saitin ma ilimi ne. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2000 ya nuna rage yawan iskar da ake tura wa huhun da ya kumbura ya rage mace-mace daga kusan kashi 40 zuwa 31 cikin ɗari.

Mun san kuɗin sashen kulawa ta musamman ba wasa ba ne, gadajen kuma ƙalilan ne. Shi ya sa muke ganin ƙungiya ta ware wani abu daga asusunta don irin wannan lalura kafin sanyin Disamba ya shigo, lokacin da limoniya da asma ke kwantar da tsofaffinmu. In an kai naka JUTH a Lamingo ko Jankwano aka ambaci na'ura, ka tambayi likita: wane salo za a yi amfani da shi, kwana nawa ake tsammani, kuma nawa za a kashe kullum?