Maganaɗisun da ke Cikin Wayar Ba'adare

Duk mai gyaran salula a kasuwar Tawa ya san yadda ɗan ƙaramin noti kan manne wa lasifikar waya. Maganaɗisun neodymium ne ke jan sa, wanda Masato Sagawa na Japan ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1980. Irinsa ne ke juya injin famfunan burtsatse da dama masu aiki da hasken rana, kuma makiyayin Tebaram ya san darajar ruwa da bazara.

A ɗakin gwaji aka samo wannan maganaɗisu, kamar yadda binciken Albert Fert da Peter Grünberg na 1988, wanda ya faɗaɗa ma'ajiyar kwamfuta, shi ma ya fito daga ɗakin gwaji.

Ƙasar da ta haifi masanin kimiyya Abdou Moumouni bai kamata ta tsaya ga saye kaɗai ba. Hukuma ta gina wa ɗaliban jami'ar Tawa ɗakin gwajin maganaɗisu, ko da ƙarami ne.