Daga Zangon Ikko: 'Ya'yan Idi-Araba Da Makarantun Gwamnati

Kalmar Idi-Araba da Yarabanci ma'anarta gindin rimi. A wannan unguwa ta Ƙaramar Hukumar Mushin aka buɗe Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko cikin 1962, inda ake horar da likitoci, kuma dab da shi ne Hausawa suka daɗe da zama, da sarkinsu da masallatansu da kasuwarsu. Haka abin yake a Agege, inda fataken goro suka ya da zango tun bayan da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano cikin 1912. An haifi 'ya'ya a waɗannan wurare, an haifi jikoki. Ko rikicin watan Fabrairu na 1902 da ɗari, wato 2002, wanda ya ci rayuka masu yawa a Idi-Araba, bai tashi unguwar ba. To, amma har yanzu akwai magidanta da ke ɗaukar kansu 'yan ci-rani, suna duban makarantar gwamnati da ke kusa da su kamar don 'ya'yan wasu aka gina ta.

Tarihin makarantun nan bai goyi bayan wannan tunani ba. Lokacin da Alhaji Lateef Jakande ya hau kujerar Gwamnan Jihar Ikko ran 1 ga Oktoba, 1979, ya tarar yara sun yi wa azuzuwa yawa, musamman bayan shirin ba da ilmin firamare kyauta da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar cikin 1976. Sai karɓa-karɓa ake yi, wasu su shiga da safe, wasu da rana, a wasu makarantun har da 'yan yamma. Gwamnan ya soke wannan tsari, ya shiga gina azuzuwa dubbai masu araha cikin unguwanni, don yaro ya taka da ƙafa daga gida. Abokan hamayya suka yi ta yi wa gine-ginen ba'a, suna ce musu akurkin kaji. Duk da haka makarantun firamare na gwamnati suka tashi daga 605 zuwa 812, na sakandare daga 105 zuwa 223, kafin soja su karɓi mulki a ƙarshen Disamba 1983. Ba a biyan kuɗin makaranta, ana raba littattafai kyauta, kuma ƙofa a buɗe take ga ɗan duk wanda ke zaune a jihar, ko daga ina ubansa ya fito.

Ba duk abin da ya nufa ya samu ba. Ya so ya rufe makarantun firamare masu zaman kansu, sai Akbishop Anthony Okogie na Katolika da waɗansu suka kai ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ɗan ƙasa yana da 'yancin kafa makaranta. Tun daga nan mutane suka yi ta ƙaruwa a Ikko, ginin gwamnati kuwa ya yi nawa. Wata ƙidaya da aka yi a zangon karatu na 2010 zuwa 2011 ta samu makarantun kuɗi sama da 12,000 a jihar, akasarinsu ba rajista, kuma fiye da rabin 'yan makaranta a cikinsu suke, alhali makarantun firamare na gwamnati wajen 1,000 ne kacal. Mai hali ya biya ya huta. Mai gadi da ɗan dako da mai shayi kuwa, in ajin gwamnati ya cika, sai yaro ya koma talla ko zaman kashe wando.

Ya kamata mai karatu ya san inda kuɗin makarantun nan ke fitowa. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma tilas ne, ta haɗa har da kula da ƙananan yara kafin firamare. Ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun Gwamnatin Tarayya don tallafa wa jihohi ta hannun hukumar UBEC, bisa sharaɗin jiha ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta kafin ta ɗauka. Albashin malaman firamare daga rabon ƙananan hukumomi yake fita. Harajin samu kuwa jihar da mutum yake zaune ake biya, ba jihar da aka binne cibiyarsa ba. Ashe ke nan Bahaushen da ke biyan haraji da kuɗin rumfa a Mushin ko Agege ya riga ya sa hannu a ginin aji da sayen alli. In ya hana ɗansa shiga, ya yi noma ne ya bar wa wani girbi.

Wasu iyaye suna tsoron kada boko ya raba yaro da karatun Alƙur'ani. Wannan damuwa ce ta gaskiya, amma ai soke karɓa-karɓa ya sauƙaƙa ta. Tun da makarantar gwamnati da safe take, la'asar da dare suna nan ga makarantar allo da Islamiyya. Gidaje da yawa a Agege sun haɗa biyun, ba su yi asarar ko ɗaya ba.

Saura aiki, kuma kowa da nasa. Sarakunan Hausawa da limamai su ne suka san kowane gida, su ya kamata su ƙirga yaran da suka isa shiga makaranta ba su shiga ba, maza da mata, su kai lissafin ofishin ilmi na ƙaramar hukuma a rubuce, don hukuma ba ta aiki da ƙorafin bakin masallaci. Iyaye su shiga kwamitocin kula da makarantu, gama a nan ake jin rufin da ke yoyo da malamin da ba ya zuwa. Gwamnatin jiha kuma ta tuna da darasin 1979: a kai aji inda yara suke. Unguwa mai cunkoso irin Idi-Araba tana bukatar ƙarin azuzuwa, da ajin share fage inda yaron da Hausa kaɗai yake ji zai saba da Turanci da Yarabanci kafin aji ɗaya, da ɗakin karatu mai fitila, domin yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da iyayensa da ƙannensa ba shi da inda zai buɗe littafi da dare.

Jakande ya rasu cikin Fabrairu 2021 yana da shekara 91, an kuwa ga yadda waɗanda suka yi karatu a akurkin kajin nan, likitoci da lauyoyi da malamai, suka yi ta yabonsa. Daga tsakiyar zangon Idi-Araba zuwa ƙofar asibitin koyarwa tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Ɗan unguwar da aka sa makaranta da wuri yana iya shiga ƙofar nan da farar rigar likita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba iyaye da hukuma ikon sauke wannan nauyi, amin.